MAKO GUDA A MAJAMI'A

Jawabin Jami'in Ilmin Manya ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Gwarzo da Kabo

    

Ga abin da ya kawo maganar yau. Kwanakin baya na je duba wani aji a yamma da Kabo. Da na buɗe littafin kiran suna, sai na ga akwai mata huɗu da ba sa zuwa ran Talata. Sauran ranaku kuwa ba sa fashi ko kaɗan. Na tambayi malamin aji dalili. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Kirista ne. Ran Talata suna da taro a majami'a." Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Af! Ashe ba ran Lahadi kaɗai su ke zuwa ba? To, me su ke yi a can kullum?"

Aka yi dariya, amma tambaya ce mai kyau. Kasuwarmu ɗaya da mutanen nan, rijiyarmu ɗaya, gonakinmu suna iyaka da juna, ga shi kuma ajinmu ɗaya, amma ba mu san yadda su ke tafiyad da makonsu ba. Saboda haka na nemi izinin dattawan wata ƙaramar majami'a, na yi mako guda ina zuwa, ina kallo, ina tambaya.

Ba wa'azi na zo yi muku ba. Kowa da addininsa, kowa kuma ya riƙe nasa da kyau. Abu guda na ke so ku gani, watau yadda karatu da rubutu da lissafi su ke riƙe da jama'a, da kuma abin da kan faru idan mutum ɗaya tak ya iya su.

IKILISIYAR DATTAWA

Da fari mu san kalmomi biyu. Majami'a ita ce ɗakin da a ke taruwa, wadda mutane su kan ce wa coci. Ikilisiya kuwa su ne mutanen da ke taruwa a ciki.

Kirista ƙungiya-ƙungiya su ke, kowace da yadda ta ke zaɓen shugabanninta. Wadda na ke so ku fara sani ita ce Firesbiteriyan. Sunan yana da wuyar faɗi, amma ma'anarsa ba wuya. Daga harshen Girkawa aka samo shi, daga kalmar da ke nufin dattijo. Watau ikilisiya ce wadda dattawa ke riƙe da ita. Ba ta da wani babba guda wanda maganarsa ita ce yanka. Jama'a su kan zaɓi dattawa daga cikinsu, su zauna tare da fasto su yi shawara.

Wannan tsari ya kafu a ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, a shekarar 1560, ta hannun wani malami mai suna John Knox da abokansa. Tun a shekarar nan su ka rubuta cewa ya kamata kowace ikilisiya ta sami makaranta da malami. Dalilinsu shi ne, lalle ne talaka ya iya karanta littafinsa da kansa. A 1696 majalisar ƙasar ta kafa dokar gina makaranta a kowace gunduma.

A 1846 wannan ikilisiya ta iso Nijeriya. Wani fasto mai suna Hope Waddell ya sauka a Kalaba tare da waɗansu baƙaƙen fata daga tsibirin Jamaika. Ba su daɗe ba su ka buɗe makaranta. A 1868 aka gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Efik na mutanen Kalaba. A 1876 wata mata mai suna Mary Slessor ta zo. Ita kanta 'yar talakawa ce, tun tana shekara 11 ta ke aiki a masaƙa, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Ta yi suna wajen ceton tagwaye waɗanda a da a ke kashewa a can, ta rasu a 1915. A 1895 aka kafa babbar makarantar Hope Waddell a Kalaba, inda Nnamdi Azikiwe da Akanu Ibiam su ka yi karatu.

To, wannan labarin kudu ne. Mu dawo gida. Kiristan ƙauyukanmu na yammacin Kano Hausawa ne, jikokin Maguzawa. Da yawa daga cikin majami'unsu na ECWA ne, ba na Firesbiteriyan ba. ECWA ta fito ne daga aikin mishan ɗin SIM, wadda mutanenta uku na fari su ka sauka a Ikko a 1893. Wannan mishan ita ta buɗe Asibitin Ido na Kano a 1943. A 1954 ikilisiyoyin da ta kafa su ka haɗu su ka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, hedkwatarsu tana Jos.

Akwai bambanci tsakanin ƙungiyoyin biyu. Misali, Firesbiteriyan su kan yi wa jarirai baftisma, ECWA kuwa sai mutum ya yi hankali ya nema da bakinsa. Amma wajen riƙon dattawa da ayyukan mako, sun yi kama da juna ƙwarai. Saboda haka zan gaya muku abin da idona ya gani a nan kusa, in kuma nuna muku inda ya haɗu da na can. Ku sani fa, kowace majami'a da ranakun da ta tsayar. Abin da wannan ta sa ran Talata, wata ta kan sa shi ran Alhamis.

RAN LAHADI

Majami'ar da na je ɗakin ƙasa ce mai rufin kwano, da bencina na katako. Ba su da fasto nasu na kansu, sai mai bishara. Fasto ya kan zo daga wani gari lokaci lokaci. Ƙararrawarsu wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a jikin darbejiya.

Da hantsi aka buga ƙarfen, yara su ka taru don Makarantar Lahadi. Aka raba su aji-aji a gindin itatuwa, manya kuma su ka yi nasu ajin a ciki. Wannan makaranta tana da tarihi da ya shafe mu. A 1780 wani mai buga jarida a Ingila, Robert Raikes, ya ga yaran talakawa suna aiki kwana shida, ba su da ranar zuwa makaranta. Sai ya tara su ran Lahadi, ya sa aka koya musu karatu. Ashe ita ma da yaƙi da jahilci ta fara.

Da aka buga ƙarfe na biyu, sai aka shiga sujada, watau babbar ibadarsu. Maza su ka zauna gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba. Sai na ga wani allo a jikin bango, an rubuta lambobi uku da alli. Na tambayi na kusa da ni. Ya ce lambobin waƙoƙin da za a yi ne. Kowace waƙa a cikin Littafin Waƙoƙi tana da lambarta. Wanda ya san lamba, nan da nan ya buɗe. Wanda bai sani ba, sai ya riƙa leƙen na maƙwabcinsa, ko ya yi ta motsa baki.

Daga nan wani saurayi ya tashi ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan littafi, yadda su ke da shi, littattafai 66 ne a haɗe, 39 na Tsohon Alkawari, 27 na Sabon Alkawari. Kowane an raba shi sura-sura, kowace sura aya-aya. In aka faɗi sura da aya, sai ka ji takardu suna ƙara, kowa yana nema. An fara buga shi cikakke da Hausar boko a 1932. Cikin waɗanda su ka yi wahalar juya shi akwai Likita Walter Miller na Zariya.

Sa'an nan magatakarda ya tashi da littafinsa. Ya faɗi yawan waɗanda su ka zo makon jiya, maza da mata da yara. Ya faɗi kuɗin da aka tara. Ya karanta wata wasiƙa da aka aiko daga majalisarsu ta yanki. Ya faɗi wanda ba shi da lafiya, da wadda ta haihu, da waɗanda ke shirin aure, don in akwai mai magana ya faɗa tun da wuri. Bayan wannan aka yi baiko, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Mai bishara ya yi wa'azi, aka yi addu'a, aka tashi.

Jama'a sun watse, amma mutum uku ba su tafi ba. Su ka zube kuɗin baikon a kan tebur, su ka ƙirga sau biyu, aka rubuta, kowannensu ya sa hannu. Ku riƙe wannan a ranku, za mu komo kansa.

Akwai wata ibada da ba kowane mako a ke yi ba, ana kiranta Jibin Ubangiji. Waɗanda aka karɓa cikin ikilisiya sosai su ne ke ci. A Sikotilan a zamanin da, kafin ranar ta zo, dattawa su kan bincika zaman jama'arsu, su ba wanda ya cancanta wani ɗan kwabo na dalma, shi ne shaidarsa. Daga baya aka mai da shi kati. A nan ma an gaya mini, in mutum biyu suna gaba da juna, dattawa su kan nemi shirya su kafin ranar.

DAGA LITININ ZUWA ASABAR

Ran Litinin ba wani taro, sai addu'ar asuba ga wanda ya samu zuwa. Kowa ya tafi gonarsa. Amma da dare mai bishara da wani dattijo su ka ɗauki tocila su ka bi gidajen waɗanda aka ce ba su da lafiya.

Ran Talata da la'asar ita ce ranar Zumuntar Mata, taron nan da ya hana mata huɗu zuwa ajinmu. Na same su da zane iri ɗaya, suna waƙa, wata tana buga bakin tulu, wata tana kaɗa gora. Amma ba waƙa kaɗai ba ce. Suna da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, duk mata. Kowace ta kan kawo ɗan abin da ta samu, ko kuɗi, ko mudun hatsi, ko sabulu. Da shi su ke zuwa barka da ta'aziyya, su kai wa gwauruwa itace da ruwa. Su kan koya wa juna girki da tsabta da renon yara. Ikilisiyar Firesbiteriyan ma tana da ƙungiyar mata irin wannan. Ta Sikotilan an kafa ta tun 1887.

Na lura magatakardarsu yarinya ce ƙarama, ba ta daɗe da aure ba. Na tambayi shugabar, wata tsohuwa mai kwarjini, na ce, "Inna, yaya ku manya kuna zaune, yarinya ke riƙe da littafi?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ita ta iya. Mu namu sai baki. Shi ya sa muka tura huɗu ajinku, don kada ranar da ta tafi wankan gida mu rasa mai rubuta mana."

Ran Laraba da magariba su ka yi taron addu'a na tsakiyar mako. Ba a cika ba kamar Lahadi. Aka karanta sunayen waɗanda su ka nemi a yi musu addu'a: mai ciwo, da ɗan makaranta mai jarrabawa, da wanda ya tafi cin rani ba a ji ɗuriyarsa ba. Su ka roƙi ruwan sama da zaman lafiya, su ka yi wa sarakuna da masu mulki addu'a.

Ran Alhamis akwai aji na masu neman baftisma. Wata da watanni su ke yi ana koya musu, da tambaya da amsa, kafin dattawa su jarraba su. Mai bishara ya ce da ni, wanda ya iya karatu ya kan tafi da littafin gida ya yi ta bita. Wanda bai iya ba kuwa, abin da kunnensa ya kama ran Alhamis shi ke nan, sai wani mako.

Ran Jumma'a da yamma ƙungiyar mawaƙa ta taru tana koyon waƙar Lahadi. Malaminsu ya rubuta baitoci a allo, kowa ya kwafa a littafinsa.

Ran Asabar mata da 'yammata su ka share majami'a, su ka yayyafa ruwa. Samari su ka yi fareti a fili da ganga. Ƙungiyarsu ana ce mata Birged. Ita ma daga Sikotilan ta fito. Wani malamin Makarantar Lahadi mai suna William Smith ya kafa ta a birnin Gilasgo a 1883, don ya ga samari sun gagari zama wuri ɗaya. Da damina kuwa, an ce, Asabar ta kan zama ranar gayya, a nome gonar majami'a ko ta wani tsoho da ba shi da mai taimako. In kaka ta yi, su kan ware Lahadi guda ta godiya, kowa ya kawo damin dawa, ko gero, ko gyaɗa, ko kaza. A rubuta, a zuba a rumbu, a ciyad da mai bishara da mabukata.

To, kun ji makonsu. Wanda ya yi tambaya ran nan, ga amsarka.

DATTAWA DA LITTATTAFAI UKU

Wa ke tsara duk wannan? Majalisar dattawa. A tsarin Firesbiteriyan, dattawan ikilisiya guda su kan zauna da fastonsu. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su kai majalisar yanki, inda kowace ikilisiya ke aika fasto da dattijo. Gaba da ita akwai wata majalisa mafi girma, daga nan sai Babban Taro na ƙasa duka. Shugaban taron zaɓensa a ke yi, in lokacinsa ya cika ya sauka. ECWA ma hawa huɗu ne da ita, daga majalisar majami'a guda har zuwa babbar majalisa.

Dattawan nan ba albashi a ke biyansu ba. Manoma ne kamarku, da maƙera, da teloli. Amma aikinsu ba ya yiwuwa sai da littattafai uku. Na ɗaya, littafin sunaye, inda a ke rubuta haihuwa da baftisma da aure da mutuwa. Na biyu, littafin shawara, inda a ke rubuta abin da aka yanke da ranar da aka yanke shi. Na uku, littafin kuɗi.

Na tambayi babban dattijonsu, wani tsoho mai furfura, na ce, "Baba, me ya sa mutum uku ke ƙirga kuɗi? Ba ku amince wa juna ba ne?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, zauna in ba ka labari. Ni abin ya faru a kaina."

Ya ce a shekarun baya mutum ɗaya ne kaɗai ya iya karatu sosai a cikinsu, watau mai bishararsu na lokacin. Shi ke karanta littafi, shi ke rubuta suna, shi ke rubuta kuɗi. Tsohon nan kuwa shi ne ma'aji. Kuɗin yana hannunsa, lissafin yana hannun mai bishara. Su ka yi shekara biyu suna tara kuɗin kwanon rufi. Ana nan, da tsakiyar damina, ciwo ya kama mai bishara, danginsa su ka zo su ka tafi da shi garinsu.

Lahadi ta zo, aka buga ƙarfe, jama'a su ka taru. Ga littafi a kan tebur, ba mai buɗewa. Su ka yi waƙoƙin da su ka haddace, su ka yi addu'a, su ka tashi. Haka Lahadi ta biyu, haka ta uku. Wasiƙa ta zo daga majalisar yanki, aka soke ta a jikin azara, ba wanda ya san ranar taro ce a ciki har ranar ta wuce.

Da kaka ta yi aka ce a kawo kuɗi a sayi kwano. Tsoho ya kawo. Sai wani ya ce ai kuɗin ya fi haka. Wani ya ce shi ma a saninsa ya fi haka. Tsoho ya ce an cire na magani, an cire na motar da ta kai mai bishara gida, an cire na siminti. Aka ce, yaushe? Nawa? Ya rasa ta cewa, don a ka ya riƙe, kai kuwa ba littafi ba ne.

Ya ce da ni, "Malam, ba wanda ya kira ni ɓarawo a gaban idona. Amma in na shigo sai a yi shiru. Matata ta daina zuwa Zumunta. Wanda ɗansa ke neman 'yata ya janye. Wata biyar ina cikin wannan hali. Na yi niyyar sayad da akuyoyina in biya abin da ban ci ba."

Abin da ya cece shi, wata jikarsa ce 'yar makaranta da ta zo hutu. Tana share ɗakin mai bishara, ta tsinci wani tsohon littafin rubutu a cikin akwati. Ta kawo, aka tara dattawa, ta karanta musu layi layi: ranar kaza an shigo da kaza, ranar kaza an fitar da kaza don siminti, ranar kaza don magani. Rubutun ya tsaya a makon da ciwo ya kwantad da mai bishara. Aka ƙara kuɗin mota, wanda kowa ya shaida. Da aka haɗa, sai ya yi daidai da abin da ke hannun tsoho, ko kwabo bai ɓata ba.

Ya ce, "Sun ba ni haƙuri, na haƙura. Amma na ce da su, gaskiyata tana kwance a cikin akwati wata biyar, mu dattawa shida ba mai iya tashe ta. Wannan kunya ta ishe mu." Daga ran nan su ka yanke shawara biyu. Kuɗi, mutum uku za su ƙirga, a rubuta, a karanta wa jama'a. Dattijo kuwa, kowane ne, sai ya shiga aji. Tsohon nan da kansa ya shiga, da furfurarsa. Ya jawo littafin kuɗi ya nuna mini sa hannunsa. Baƙaƙen sun karkace kamar shuka bayan iska, amma suna karantuwa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Jama'a, wannan labari a majami'a ya faru, amma ba na majami'a kaɗai ba ne. Ku sa kwamitin masallacinku a wurin. Ku sa ƙungiyarku ta manoma, ranar rabon taki. Ku mata, ku sa adashinku. Sau nawa zumunci ya lalace a garuruwanmu don an ce, "Ai na ba ka," wani ya ce, "Ba ka ba ni ba"? Sau da yawa ba maci amana a ciki, mantuwa ce kawai da rashin alƙalami.

Mu Hausawa ba baƙin karatu ba ne. Makarantar allo ta daɗe a ƙasar nan, da rubutun ajami. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara mata masu zuwa ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata, wannan tsari shi ne a ke kira 'Yan Taru. Yaƙi da Jahilci ya kama gadan-gadan a Jihar Arewa a shekarun 1950, a 1980 kuma Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya. Hanya a share ta ke. Abin da ya rage shi ne zuwa.

Ga abubuwa uku da na ke roƙonku.

Na fari, kada ku bar karatu a hannun mutum ɗaya, ko a gida, ko a ƙungiya. Mai karatun nan zai yi ciwo, zai yi tafiya, wata rana zai mutu. Kowace ƙungiya ta turo aƙalla mutum uku aji.

Na biyu, ku riƙe ranakunku. Abin da ya ba ni sha'awa a majami'ar nan ba yawan mutane ba ne, don ba su da yawa. Abin sha'awar shi ne Talata ba ta wucewa ba a yi taron Talata ba, ko mutum biyar ne su ka zo. Ajinmu kuwa da ruwa ya sauka sai ya watse, da rani mu dawo mu sake daga baƙin farko. Da damina mu rage lokaci, ko rabin sa'a ne bayan an taso daga gona, amma kada mu rufe. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, ku fara aiki da abin da kuka koya tun yau. Kada ku jira sai kun ƙware. Ku sayi littafin rubutu guda. Ku rubuta ranar da kuka yi shuka, da buhun da kuka samu, da bashin da kuka ci, da wanda kuka bayar, da ranar haihuwar 'ya'yanku. In an karanta lissafi a taro, ku ce a miƙo muku littafin ku duba. Wannan ba raini ba ne, kare mutuncin ma'aji ne.

Game da matan nan huɗu kuwa, mun zauna da malamin aji da mai gari da 'yan aji duka. Mun ɗauke karatu daga Talata da la'asar, kamar yadda tun da fari ba mu sa shi ran Jumma'a da azahar ba. Yanzu ranakun ajin su ne Litinin da Laraba da hantsi, da Asabar da la'asar. Ba wanda ya rasa ibadarsa, ba wanda ya rasa karatunsa. Kowane aji da ke da irin wannan matsala ya zauna ya yi haka. Sanin makon maƙwabcinka yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

Iyakar maganata ke nan. Wanda na saɓa wa ya yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya ƙara mana ilmi mai amfani. Amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin majami'a da ikilisiya?
2. Mece ce ma'anar Firesbiteriyan? A wace shekara wannan ikilisiya ta iso Kalaba?
3. Faɗi littattafai uku da dattawa ke ajiyewa.
4. Me ya jawo wa ma'aji zargi, me kuma ya wanke shi?
5. Rubuta ranakun mako bakwai, ka rubuta aikin da ka kan yi a kowace rana.